Mama Ta Ce Ƙungiyar Asiri Ce



Kafin in fara, ku yi haƙuri da Hausar tawa. Ta kicin ce, a bakin tukunya na koye ta wurin Mama, sai ɗan abin da nake tsinta a waya idan ana gaisawa da mutanen Maraɗi da Katsina ranar sallah. In kun ga na karkace, ku gyara a zuci ku wuce.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne autarmu za ta shiga jami'a bana. Ran nan muna wanke-wanke sai ta ce mini, "Yaya, wai da gaske ne kin taɓa cewa za ki shiga ƙungiyar 'yan Meziko, har Mama ta suma?" Na ce da farko dai ba ta 'yan Meziko kaɗai ba ce, na biyu kuma Mama ba ta suma ba, zama kawai ta yi a kan buhun shinkafa. Amma sai na lura labarin ya koma abin dariya a gidanmu, alhali lokacin da ake cikinsa babu wanda ya yi ko murmushi. To bari in ba da shi yadda ya faru, don na san akwai irina da yawa cikinku.

Mu a Summerfield muke. Wanda bai sani ba, wani ɗan gari ne a arewa maso yammacin Greensboro, in ka miƙe hanyar 220. Mutanensa kusan dubu 11 ne a ƙidayar 2020. Gonaki ne da dawaki da coci-coci da gidaje masu faɗin fili. Mutanenmu, musamman 'yan Nijar, cikin Greensboro suka fi yawa, kuma da gaske suna da yawa, akwai shagon da in ka shiga ka ji Zabarmanci da Hausa na tashi sai ka rantse a Yamai kake. Mu ma can muka fara, a gidan haya mai ɗaki biyu. A 2009, da farashin gidaje ya faɗi kuma sana'ar Baba ta tura motoci Kwatano ta ɗan yi albarka, ya ce zai kai mu inda makaranta ta fi kyau. Makaranta kam ta yi kyau. Sai dai a ajinmu ni kaɗai ce mai ɗankwali, kuma ni kaɗai ce ake tsayawa a yi dogon numfashi kafin a kira sunanta.

A nan na haɗu da ƙawata. Ba zan faɗi sunanta ba don ban nemi izininta ba. Iyayenta daga Meziko suka zo, babanta yana kula da dawaki a wata gona, mamarta tana sharar gidaje. Ta girme ni da shekara biyu, don haka ba aji ne ya haɗa mu ba. Daren da iyaye ke zuwa ganin malamai ne. Ina tsaye tsakanin Mama da malama ina tafinta, domin Turancin Mama na Katsina da Turancin mutanen Kudu ba sa ga maciji, sai na ɗaga kai na hango wata yarinya a ƙofar ɗaya ajin tana yin irin aikina da Sifaniyanci. Muka haɗa ido. Ta kanne mini ido ɗaya. Daga baya ta gaya mini cewa malamin ya ce tana da surutu a aji, ita kuma ta fassara wa mamarta cewa wai tana yawan ba da gudummawa. Ni ma abin da na yi ke nan a daren, kusan kalma da kalma.

Ku da kuka tashi a nan kun san wannan aiki. Tun kana ɗan shekara tara kake karanta wasiƙar inshora, kake kiran kamfanin wuta kana kwaikwayon muryar manya. Su ma 'ya'yan Latino haka suke, sai dai su sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Tsakanin ƙidayar 1990 da ta 2000 yawansu a North Carolina ya ninka kusan sau biyar, babu jihar da ta kai ta saurin ƙaruwa a lokacin, kuma a 2020 sun haura miliyan ɗaya.

Ta riga ni shiga jami'a, a 2012. Da ta dawo hutu bayan shekara guda sai na gan ta da wata riga, launinta ja mai duhu sak na zoɓo, da ratsin ruwan toka, ga wasu haruffa uku na Girka a ƙirji. Na ce mene ne wannan kuma? Ta ce Lambda Theta Alpha. Sororiti ce, wato irin ƙungiyoyin nan na 'yan mata a jami'o'in Amurka da suke kiran junansu 'yan uwa har ƙarshen rayuwa. Wallahi dariya na yi mata. Ni abin da na sani game da sororiti a fim na gan shi: 'yan matan Turawa masu kuɗi, katafaren gida, giya da ihu. Na ce ke da ko takalmin kirki ba ki da shi? Ta ce in bari sai na zo.

Na zo a 2014, jami'a ɗaya da ita. Ban san na ɓata ba sai da na kai wata biyu. A gida ni ce mai ilimi, ni ake tambaya komai, a can kuwa ban san ko cewa malami yana da sa'o'in da ake zuwa ofishinsa a yi masa tambaya ba. Na ɗauka sai wanda ya yi laifi ake kira. Ban san ana iya ajiye darasi kafin wata rana ba tare da ya ɓata maka sakamako ba. Wa zan tambaya? Baba ya yi makarantar Faransanci har ya kai inda ya kai, amma bai taɓa taka jami'ar Amurka ba. Abin da yake cewa kullum shi ne "Ki dage, Allah ya ba da sa'a." Amin, amma addu'a ba ta cike fom.

Sai ga wasiƙa ta zo cewa an dakatar da tallafin karatuna sai na kawo wasu takardun haraji don a tantance abin da na rubuta a FAFSA, fom ɗin nan na neman tallafin gwamnatin tarayya. Harkar Baba kuwa ta mai zaman kansa ce, takardunta ba irin na mai albashi ba ne. Na zauna a matattakalar laburare ina kuka. Ƙawata ba ta ce mini komai ba, waya kawai ta ɗauko. Cikin minti ashirin ga wata ta iso, 'yar shekarar ƙarshe, iyayenta 'yan El Salvador masu sayar da abinci a mota. Ta karɓi wasiƙar, ta duba, ta ce irin wannan ta same ta sau biyu. Ta rubuta mini takardu uku da zan ce Baba ya nemo, ta gaya mini inda ake samunsu, washegari kuma ta raka ni ofis ta tsaya a bayana har aka gama. Ban taɓa ganinta ba kafin ranar. Da na yi ta godiya sai ta ce ita ma wata ce ta raka ta, waccan ma wata ce ta raka ta.

Wannan maganar ce ta sa na koma na bi tarihinsu, don na ga alamar igiyar tana da tsawo.

A 1975 aka kafa ta, a kwalejin Kean da ke garin Union a jihar New Jersey, wadda ta zama jami'a a 1997. Yankin cike yake da baƙi masu jin Sifaniyanci, 'yan Puerto Rico da 'yan Kyuba da sauransu, kuma a shekarun nan ne 'ya'yansu suka fara shiga manyan makarantu da ɗan yawa. Sun shiga amma ba a shirya musu wuri ba. Akwai ƙungiyoyin Turawa, akwai na baƙar fata masu dogon tarihi, su kuwa suna tsakiya. Sai 'yan mata 17 suka haɗu a watan Disamba na shekarar suka ce za su yi tasu. A wannan watan kuma a wannan kwalejin samarin Latino ma suka kafa tasu, Lambda Theta Phi. 'Yan matan suka zaɓi launi, suka zaɓi alama, suka ɗora abin a kan kalmomi uku, haɗin kai da ƙauna da girmamawa, kuma a 1979 suka yi mata rajista a hukumance. Ita ake ɗauka a matsayin sororitin Latina ta farko a babban yankin Amurka. Bayanta wasu suka biyo: Chi Upsilon Sigma a Rutgers a 1980, Lambda Pi Chi a Cornell a 1988, Sigma Lambda Gamma a Iowa a 1990. Har yau 'yan ƙungiyar suna kiran waɗancan 17 ɗin iyaye mata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗannan iyayen, lokacin da suka yi abin, ba su wuce sa'o'ina ba. Ɗalibai ne masu jarrabawa a gabansu, kuma ina da tabbas a zuciyata cewa wasunsu sun sha tafinta a ofishin likita kamar ni. Shekara 50 ke nan a 2025.

Kuma suna da wata magana da suke yawan yi, ma'anarta ita ce Latinancinsu na gado ne, ba sharaɗin shiga ba. Wato ba sai kana Latina ba. Na ga baƙar fata a cikinsu, na ga 'yar Filifin. Wannan ne ya buɗe mini ƙofar tunani.

Shekarar farko kusan kullum ina tare da su, kamar kazar maƙwabta. Suna da sa'o'in karatu na dole a laburare, ana rubuta suna, wadda makinta ya sauka sai a zauna da ita. Ranar Asabar wasu su tafi koya wa yara karatu, wasu su kafa tebur suna yi wa mutane rajistar zaɓe, har da waɗanda su kansu ba su da ikon jefa ƙuri'a. Akwai wadda take da DACA, kariyar nan da aka fara a 2012 ga waɗanda aka shigo da su suna yara ba takarda. Tun tana 'yar shekara uku take jihar nan, amma kuɗin makarantar baƙi take biya, domin North Carolina ba ta ba irinsu farashin 'yan jiha. Aiki biyu take yi, kuma ita ce ta fi kowa zuwa teburin rajista. Ƙawata kuwa in mun dawo gida hutu sai ta tafi taya tafinta a FaithAction, ƙungiyar nan ta Greensboro da ta fara ba da katin shaida a 2013 ga waɗanda ba su iya samun na gwamnati, da amincewar 'yan sandan gari. Na bi ta sau ɗaya. A layin na ga wani dattijo da muke gaisawa da shi a masallaci. Ya sunkuyar da kai, ni ma na yi kamar ban gan shi ba.

Babban aikinsu na ƙasa baki ɗaya kuwa shi ne tara wa asibitin yara na St. Jude kuɗi, wanda suka ƙulla da shi a 2010. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To a hutun Disamba na 2014 na yanke shawara zan gaya wa Mama. Na same ta a sito tana awon shinkafa. Ni 'yar fari ce, don haka Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "'yar nan". Na yi bayani tiryan-tiryan, na fara da karatu da taimako. Tana ji tana gyaɗa kai. Sai ta ce yaya ake shiga? Na ce akwai wasu makonni da ake koya wa mutum tarihi da ƙa'idoji, sannan a yi bikin karɓa, amma abin da ake yi a ciki na 'yan ƙungiya ne kawai, ba a faɗa wa na waje.

Nan ta zauna a kan buhu.

"Mi kika ce? Ba a faɗa?"

"Mama ku tsaya ku ji..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙungiyar asiri! Mun baro ta can, ta biyo mu nan."

A lokacin haushi na ji, na ga kamar ƙauyanci ne. Yanzu na san ba haka ba ne. Duk wanda ya yi zama a Najeriya a shekarun 1990, in ka haɗa masa kalmomin jami'a da ƙungiya da sirri a jimla ɗaya, gawa yake gani. Abin ya faro ne a Ibadan a 1952, lokacin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa wata ƙungiyar ɗalibai, ba da niyyar ɓarna ba. Daga baya wasu ƙungiyoyin suka yi ta tsirowa, har abin ya koma adda da bindiga. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka shiga jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife da dare aka kashe ɗalibai biyar. Mama tana Katsina lokacin da ake ta irin waɗannan labarai a rediyo, kuma tana da ƙanne a jami'a. Ita abin da ta ji ke nan a bakina.

Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Bayan isha'i ya kira ni falo ya yi mini tambayoyi huɗu. Ana rantsuwa? Da me ake rantsewa? Akwai giya da cuɗanya da maza? Nawa ake biya? Ta ƙarshen kaɗai na iya amsawa sosai, kuma amsar ba ta yi masa daɗi ba. Ta ukun na ce kowa da halinsa, akwai masu zuwa fati akwai waɗanda ba sa zuwa, ba a tilasta wa kowa. Biyun farko kuwa na ce ban sani ba sai na shiga. Ya ce to ai magana ta ƙare.

Ni kuma da taurin kai na ce, "Baba, ai ko Nana Asma'u ta yi ƙungiyar mata. 'Yan Taru. Har hula take naɗa wa jajinta, malfa da jan ƙyalle, a gane su in sun shiga gari." Na karanta wannan a wani darasi, ina ji da shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke, kada ki haɗa 'yar Shehu da 'yan rawa." Na ce ba rawa kawai suke yi ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Na koma makaranta da fushi, na shiga neman inda zan dace. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi tana nan, ina zuwa, mutanen kirki ne, amma yawanci Larabawa ne da 'yan Pakistan, kuma in an zo maganar Afirka sai a juyo a kalle ni. Sororitin baƙar fata kuwa, Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Howard a 1908 da Delta Sigma Theta ta 1913, babu wanda ya tashi kusa da Greensboro da ba zai girmama su ba. Garin da ɗaliban A&T huɗu suka zauna a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960, 'yan matan Bennett suka mara musu baya. Ba don irinsu ba da Babana bai sayi gida a Summerfield ba. Amma ni a lokacin ina jin kamar zan shiga gadon da ba kakata ce ta tara ba. Wataƙila kuskurena ne, don na san 'yan Najeriya da suka shiga suka ji daɗi.

Cikin wannan bincike na gano wani abu da ya ba ni mamaki. Ashe wata Musulma a nan Greensboro ta riga ni shiga wannan ruɗani. Imani Abdul-Haqq, tana ɗaliba a kwalejin Guilford, ta nemi sororitin da za ta shiga da hijabinta ba tare da ta sassauta addininta ba, da abin bai yiwu ba sai ita da mahaifiyarta Althia Collins suka kafa Gamma Gamma Chi a 2005, sororitin Musulmi ta farko a ƙasar. Ita da mahaifiyarta! Na karanta wurin sau uku. Daga baya, a 2016, aka yi wata a Texas, Mu Delta Alpha. Amma babu reshen irin wannan a makarantarmu, ni kuma ban ga kaina ina kafa komai ba. Ni dai so nake in tarar an dafa.

Sai watan Afrilun 2015 ya zo. Ƙanena mai bi mini yana da sikila. Duk gidan da ke da mai amosanin jini sun san yadda abin yake, ana zaune lafiya sai ciwo ya tashi cikin dare kamar ana sara ƙashi. Wannan karon ya taɓa ƙirji, aka kwantar da shi, har da ƙarin jini. Baba yana tashar jirgin ruwa wurin motoci, Mama ita kaɗai da auta. Saura mako biyu jarrabawa na bar komai na taho.

Kwana na biyu a asibiti, da la'asar, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Su huɗu ne, uku da rigar nan mai launin zoɓo. Sun yi tuƙi sun zo. Ɗaya ta kawo mini kwafin duk darussan da na rasa, ta bi ajina ɗaya bayan ɗaya ta karɓo. Ƙawata tana riƙe da kula cike da tamale, wani abu ne kamar alala amma na masara, a naɗe cikin ɓawonta. Na ga Mama ta ɗan ja baya, don ta san da man alade ake yinsa. Ƙawata ta ce da Hausarta guda biyar da ta koya a gidanmu, "Mama, ba alade." Mamarta ta tashi da asuba ta yi shi da man gyaɗa da cuku, a tukunyar da ta wanke sau biyu. Ɗaya daga cikinsu, mai karatun aikin jinya, ta zauna ta yi wa Mama bayanin abin da likita ya faɗa da safe wanda ni kaina ban gane ba. Biyu suka ɗauki auta suka kai ta gida suka yi mata aikin makaranta. Kafin su tafi suka tambayi inda ake ba da jini.

Da ɗakin ya yi shiru Mama ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Waɗannan su ne 'yan asirin?"

Na ce su ne.

Ba ta ƙara cewa komai ba sai can cikin dare. Ƙanena ya samu barci, injin yana ta ƙara. Sai ta fara ba ni labarin kakarta. Wai a zamaninsu yarinya takan zaɓi ƙawa, ba irin ƙawar nan ta gaisuwa ba, ƙawa ta alkawari, a aika goro, a sanar, daga ranar bikin ɗaya na ɗaya ne, in ka ba ta abu ta rama da ninki. Sannan akwai wadda ta girme ki da za ta ɗauke ki ƙanwar rana, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ta zama yayarki, ta tsaya miki a aure da haihuwa, ke kuma ki yi mata hidima. Na ce Mama ai su ma haka suke yi, kowace sabuwa ana ba ta yaya. Ta ce ta lura. Shekaru bayan haka na tarar da wannan duka a littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954. Sai da na je laburaren Turawa na samu abin da ke cikin kan uwata.

A daren ne kuma na gaya mata maganar St. Jude. Asibiti ne a Memphis, wani ɗan wasan barkwanci Danny Thomas, ɗan baƙi 'yan Labanan, ya gina shi aka buɗe a 1962, kuma ba a miƙa wa iyaye takardar biyan kuɗi, ko na magani ko na abinci ko na masauki. An fi saninsa da kansar yara. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tun farkonsa yake aikin sikila, kuma wata yarinya da ke jinya a can ce a 1983 aka yi wa dashen ɓargo saboda kansar jini, sai aka ga sikilarta ma ta warke, karo na farko a duniya. Mama ta ajiye carbi. Ita da ta fito daga ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, ita da ta binne ƙannenta biyu kafin a san sunan abin da ke damunsu. Ta ce, "'Yan Meziko ne ke tara wa wannan kuɗi?" Na ce ba su kaɗai ba, amma suna ciki.

Da kaka ta zagayo za su yi sayar da abinci don asibitin, Mama ta kwana tana suya. Fanke ɗari biyu ta cika mini bayan mota da shi. Kafin azahar ya ƙare, har wani malami ya dawo yana tambayar sunan abin.

Kada ku ɗauka daga nan ta ce in shiga. Ba ta ce ba, Baba ma bai canza ba, tambayoyinsa biyu suna nan ba amsa. Ni ma ban sake tambaya ba, kuma ban shiga ba. Na daɗe ina cewa saboda kuɗi ne da biyayya, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai na uku da ban cika faɗa ba. Tsoron bakin mutane. Na san ranar da hotona ya fita da haruffan nan a ƙirji, kafin magariba ya zaga wayoyin matan Greensboro, a ce 'yar wane ta bi wasu, kuma Mama ce za ta shiga taron suna ta zauna a cikinsu, ba ni ba.

Kuma kada a ce ina raina namu. In aka yi mutuwa a cikinmu, kafin kwana biyu matan nan sun tara kuɗin da za a yi duk abin da ya kamata, ko a nan ko a kai gawa gida. Adashin su Mama ya fi shekara 15 yana juyawa, da shi aka biya rabin kuɗin shekarata ta farko. Babu sororitin da za ta gwada musu saurin haɗa tukunya. Sai dai duk abin a kan mace ɗaya yake, uwar adashi, da wani ɗan littafi a jakarta. Kuma an gina shi ne don waɗanda suka zo, matsalarsa haya ce da takarda da biki da jana'iza. Babu wadda za ta raka ki ofishin tallafin karatu a cikinsu, ba don ba sa so ba. Mu da aka haifa a nan ana kai mu taron ne mu raba faranti.

Mun taɓa gwadawa fa. Mu shida, 'yan matan Hausawa daga jami'o'i uku, muka buɗe zaure a WhatsApp a 2016, muka ce za mu riƙa taimaka wa ƙannenmu da takardun shiga jami'a. Mun yi zama biyu. Ba mu rubuta komai ba, ba mu zaɓi kowa ba, don kowa tana jin kunyar a ce tana son shugabanci. Sai biyu suka yi aure, aka samu saɓani a kan anko, shi ke nan. Zauren yana nan har yanzu, barka da Juma'a kawai ake turawa. Duk lokacin da na tuna 'yan matan Kean sai in ce su ma ai sun yi faɗa, ba yadda za a yi mata 17 su zauna ba a yi ba. Bambancin da na gani shi ne su sun zauna sun yi aikin nan mai gundura, tsarin mulki da rajista da kuɗin wata da wa zai gaji wa, yadda in wannan ta gama makaranta abin ba zai bi ta ba.

Ƙawata yanzu mai ba ɗalibai shawara ce a wata sakandare, tana da 'ya'ya biyu, kuma har yau tana zuwa taron reshensu na waɗanda suka gama. Ita ta duba wa auta takardar neman shiga jami'a, sau uku tana dawo mata da ita da jan biro.

Da na gama ba auta labarin nan, hannunmu cikin kumfa, sai ta yi shiru, can ta ce, "To Yaya, ni in na ce zan shiga fa?" Na ce ba ni za ki tambaya ba. Ashe Mama tana falo tana jinmu tun ɗazu. Ta ɗaga murya ta ce, "Ki fara kawo mini su gida in gan su tukuna." Baba yana kusa da ita da rediyonsa, bai ce uffan ba, ya dai rage ƙarar.

A watan Agusta za mu kai ta. Motarmu ba za ta ɗauke kayan ba, don haka ƙawata ta ce za ta zo da a-kori-kurar babanta.